Daga Jirgin Masunta Zuwa Dutsen Jos: Tarihin Kare Labrador da Ayyukansa

Gabatarwa

Wata rana da la'asar, cikin watan Nuwamba, ina zaune a bakin ɗaya daga cikin kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a wajejen Rayfield, sai ga wani saurayi ya iso da baƙin kare mai faffaɗan kai da kaurin wutsiya. Saurayin ya tsinci guntun itace ya wurga tsakiyar ruwa. Duk wanda ya san Jos ya san irin sanyin ruwanta idan hunturu ya kama, amma karen nan bai ko tsaya shawara ba, ya faɗa, ya yi iyo, ya ɗauko itacen ya sa wa ubangidansa a hannu, sannan ya zauna yana jiran a sake wurgawa. Sun yi haka ya fi sau goma. Wani dattijo mai ban-ruwan lambu a gefe ya dube ni ya ce, “Malam, kare da zai sami abu a bakinsa ya kawo wa wani, anya kuwa kare ne?”

Tambayar dattijon tana da tushe. Bahaushe ya ce in ka ga kare yana sunsuna takalmi, ɗauka zai yi, kuma ɗaukar da ake nufi ita ce wadda ba a mayarwa. To ga wani irin kare wanda aka shafe shekaru fiye da 200 ana zaɓar iyayensa domin ya ɗauka ya kawo. Sunansa Labrador, yana kuma cikin dangin karnukan da Turawan Ingila suke kira da sunan da ma'anarsa ita ce “mai ɗaukowa”. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun asalin wannan kare, ta bayyana siffofinsa da ayyukan da aka sa shi, sannan ta auna ko yana da wani gurbi a rayuwarmu ta Jos wanda ya wuce na ado da taƙama.

Asalinsa a Tsakanin Masunta

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, karen Labrador bai fito daga ƙasar Labrador ba. Mahaifarsa ita ce tsibirin Newfoundland, wanda ke maƙwabtaka da ita, a gabashin ƙasar Kanada ta yanzu. Tun bayan da matuƙin jirgin ruwa John Cabot ya isa wannan yanki a 1497, labarin yawan kifin tekunsa ya bazu a Turai, har masunta daga Ingila da Ailan da Faransa da Fotugal suka riƙa yin ɗango zuwa can kowace shekara. Sun tafi da karnukansu, waɗannan karnuka kuwa suka gauraya, har aka sami wani iri da ake kira karen ruwa na St. John's, da sunan babban garin tsibirin. Baƙi ne, mai gajeren gashi, galibi da fari a ƙirji da ƙafafu.

Babu wanda ya kiwata wannan kare don kyau. Masunci talaka ne ya riƙe shi domin ya taya shi neman abinci. Idan igiya ta suɓuce, shi ke faɗawa ruwa mai ƙanƙara ya jawo ta. Idan kifi ya kuɓuce daga ƙugiya, shi ke kamo shi. Shi ke kai bakin igiya daga jirgi zuwa gaɓa. Kare mai dogon gashi ba ya wannan aiki, domin ruwa zai daskare a jikinsa ya yi masa nauyi. Haka kuma kare mai cinye kifin da ya kamo, ko mai faɗa a cikin ƙaramin kwale-kwale, ba zai daɗe a hannun masunci ba. Ke nan wahalar sana'a ce ta fara tace halayen wannan kare tun kafin masu kuɗi su san da shi.

A Hannun Sarakunan Ingila

Jiragen da ke dakon kifi daga Newfoundland suna sauke kaya a tashar Poole da ke kudancin Ingila, ta nan ne kuma karnukan suka shiga ƙasar a farkon ƙarni na 19. Mai sarautar Malmesbury na biyu, wanda gidansa ke kusa da tashar a wani wuri mai fadama, ya lura da gwanintarsu a ruwa, ya fara tara su domin farautar agwagwa. A 1814 wani soja maharbi, Kanar Peter Hawker, ya yabe su a littafinsa na koyar da matasa harbi. A shekarun 1830 mai sarautar Buccleuch na biyar shi ma ya kafa garkensa a Sikotilan.

Abin da ya ɗaga darajar karen shi ne canjin da aka samu a bindiga. Daga tsakiyar ƙarnin aka yawaita amfani da bindigar da ake ɗurawa ta gindi, wadda ta fi ta ɗure-ta-baki sauri nesa ba kusa ba. Maharbi ɗaya ya koma yana kakkaɓo tsuntsaye masu yawa cikin ɗan lokaci, wasu su faɗa ruwa, wasu cikin sarƙaƙiya. Aka shiga bukatar kare wanda ƙarar bindiga ba ta firgita shi, wanda zai zauna shiru yana lura da inda kowane tsuntsu ya faɗi, ya jira umarni, sannan ya je ya kawo shi ba tare da ya huda fatarsa da haƙori ba.

Duk da haka saura kaɗan irin ya ɓace. A farkon shekarun 1880 mai sarautar Malmesbury na uku ya haɗu da mai sarautar Buccleuch na shida a wajen farauta, ya ba shi kyautar wasu karnuka, cikinsu har da guda biyu masu suna Ned da Avon. Masana tarihin wannan iri suna ɗaukar su a matsayin kakannin Labrador na yau. Can a mahaifarsa kuwa ƙaddara ta juya masa baya. A 1885 hukumar Newfoundland ta ɗora haraji mai nauyi a kan karnuka domin ƙarfafa kiwon tumaki, sannan a ƙarshen ƙarnin Ingila ta kafa dokar killace duk karen da aka shigo da shi saboda tsoron ciwon hauka. Ciniki ya tsaya, karen masunta ya riƙa raguwa, har ya ƙare ƙurmus a shekarun 1980. Jikansa na gidan sarauta kuwa sai bunƙasa yake yi. A 1899 aka haifi Ben of Hyde, Labrador na farko mai launin rawaya da aka rubuta sunansa. Ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa a 1903, ta Amurka kuma ta yi rajistar na farko a 1917. Daga 1991 ya shafe shekara 31 a jere yana kan gaba a yawan rajista a Amurka, kafin wani ƙaramin kare ya ture shi a 2022. Yana da ɗan'uwa mai dogon gashi ruwan zinariya, Golden Retriever, wanda Dudley Marjoribanks ya fara haɗa irinsa a Guisachan ta Sikotilan a 1868.

Akwai darasi a nan ga ɗalibin tarihi. Talaka ne ya samar da karen, amma sunayen sarakuna da na karnukansu ne suka shiga littafi. Na masuntan babu ko ɗaya a cikin silsilar.

Siffofi da Halaye

Labrador matsakaicin kare ne mai ƙirar ƙarfi. Nauyinsa yakan kama daga kilo 25 zuwa 36, launinsa uku ne: baƙi da rawaya da ruwan ƙasa. Gashinsa hawa biyu ne, na sama gajere mai kauri wanda ruwa ke zamewa a kansa, na ƙasa mai laushi wanda ke riƙe ɗumi. Wutsiyarsa mai kauri ce a gindi, tana sirancewa zuwa ƙarshe kamar ta karen ruwa, da ita yake sarrafa kansa a cikin iyo. Akwai fata a tsakanin yatsunsa wadda ke taimaka masa wajen tura ruwa. Yakan rayu shekara 10 zuwa 12. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan siffofi tana ba da labarin tekun da ya fito.

Ta fuskar hali kuwa, an san shi da son mutane, da haƙuri da yara, da saurin koyo, da abin da maharba ke kira taushin baki, wato iya riƙe abu ba tare da taunawa ba. Amma yana da aibu babba, shi ne haɗama. A 2016 masu bincike a Jami'ar Cambridge, ƙarƙashin jagorancin Eleanor Raffan, suka gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na irin nan suna da wata tawaya a ƙwayar gadon da ake kira POMC, wadda ke sa dabba ta ji ta ƙoshi. Abin mamaki, a cikin waɗanda aka zaɓa don taimakon naƙasassu, wajen kashi uku cikin huɗu ne suke da ita. Masu binciken suna ganin dalili shi ne, karen da abinci ke ruɗa shi ya fi sauƙin horo da ladar abinci. Ashe kwaɗayin da Bahaushe ke zagin kare da shi, shi ne linzamin da mai horo ya kama. Sai dai haɗamar nan tana jawo teɓa, teɓa kuma tana tsananta ciwon ƙugu da gwiwa da suke gada.

Ayyukansa

Daga fadamar farauta Labrador ya shiga ayyuka iri-iri. Hancinsa da natsuwarsa a cikin taron jama'a sun sa 'yan sanda da jami'an kwastan na ƙasashe da dama suna amfani da shi wajen gano miyagun ƙwayoyi da abubuwan fashewa. Sojojin Amurka da na Ostareliya sun yi amfani da shi wajen bin sawu a yaƙin Biyetnam. A girgizar ƙasar da aka yi a Meziko a 2017, wata karya mai suna Frida ta rundunar sojan ruwa ta yi suna wajen neman mutane a ƙarƙashin ɓaraguzai. Wanda ya fi kusa da mu shi ne gwajin da masanan Jami'ar Durham da abokan aikinsu suka bayyana a 2018. An sa wa yara 'yan makaranta a Gambiya safa suka kwana da ita, aka kai safar Ingila, aka ba karnuka biyu, Labrador da ruwa-biyunsa, suka sunsuna. Sun gane kashi 70 cikin 100 na yaran da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ba su da ita.

Amma aikin da ya fi ɗaukaka shi shi ne jagorancin makafi. An buɗe makarantar farko ta horar da karnukan jagora a Oldenburg ta Jamus a 1916, domin sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amurka ta bi sahu a 1929, Ingila a 1931, Afirka ta Kudu a 1953. Da karen makiyayan Jamus aka fara, amma a hankali Labrador da ɗan'uwansa mai ruwan zinariya da ruwa-biyunsu suka mamaye aikin. Ɗan kwikwiyo yakan yi kimanin shekara guda a gidan wasu masu riƙo yana sabawa da mutane da motoci da kasuwa, sannan ya yi wasu watanni a hannun ƙwararru. Yana koyon tsayawa a bakin titi, da kauce wa rami, da auna ko wuri zai ishi mutum wucewa. Mafi wuya a cikin darussan shi ne ƙin bin umarni idan akwai haɗari: makaho ya ce a tsallaka, kare ya ga mota, ya ƙi gusawa.

Kare a Idon Bahaushe

Harshenmu bai yi wa kare adalci ba. Ɗan kare zagi ne, karen farauta shi ne ɗan barandan da ake tura wa abokin gaba, karen mota kuwa shi ne yaron da ke shan wahalar hanya. Duk da haka rayuwa ba ta taɓa rabuwa da shi ba. Mafarauta suna fita da shi da rani, makiyaya suna tafe da shi a bayan garke, Buzaye suna ji da siririn karensu na Azawak, mutanen dutsen nan kuma sun daɗe suna farautar gayya da dawakai da karnuka. Bambancin shi ne, karen farautarmu an horar da shi ya kora ya kama, mai shi ya ruga ya ƙwace kafin wani ya riga shi. Labrador kuwa an horar da shi ya jira, ya ɗauko, ya miƙa.

Ta ɓangaren addini, sau da yawa al'ada ta fi shari'a tsanani. Aya ta huɗu a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin ƙasar Hausa ke bi, duk mai rai yana da tsarki, har da kare da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai kuwa an ɗauke shi a matsayin bin umarni na ibada. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya hana ajiye kare a gida sai don gona ko dabbobi ko farautar neman abinci. Masu sharhin littafin sun kawo labarin cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa da ra'ayin Imam Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Ma'aunin ke nan: bukata. A kan wannan ma'auni ne malaman Musulunci a Ingila suka ba da fatawa a 2008, wadda ta ba wani saurayi makaho a Leicester damar zuwa masallaci da karen jagoransa, aka keɓe wa karen wurin jira a wajen ɗakin salla.

Jos da Baƙon Kare

Shekarar 1903 da aka amince da Labrador a Ingila, ita ce shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa, a daidai lokacin ne kuma Kanar Laws ya hau wannan dutse yana neman kuza, ya kafa sansani a Naraguta. Turawan haƙar ma'adinai da na mulki sun zo da al'adunsu na kiwon kare a gida da harbin tsuntsu don nishaɗi. Sun tafi sun bar ramuka cike da ruwa, sun kuma bar wa masu hali sha'awar karen waje. Jos tana da tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, saboda haka kare mai gashi hawa biyu ya fi samun sauƙi a nan fiye da Sakkwato ko Maiduguri, kiwon karnukan waje kuma ya zama sana'ar matasa da dama.

Sai dai abin da nake gani a unguwanni yana da ban takaici. Tun bayan rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya, bukatar tsaro ta sa mutane sayen kare, wasu kuma sukan sayi Labrador don sun ji sunansa da tsadarsa. To shi ba mai gadi ba ne. An shafe ƙarni biyu ana cire masa faɗa, yana iya tarar ɓarawo da kaɗa wutsiya. Idan mai gida ya ga haka sai ya ɗaure shi da sarƙa wuni da kwana wai don ya yi zafi. Sakamakon shi ne kare mai teɓa, mai ciwon ƙafa, mai haushi ba dalili. Ba a sami gadi ba, an kuma lalata dabba.

Alhali kuwa Jos tana da abubuwan da za a iya gina wani aiki na daban a kansu. A Vom akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi da aka kafa a 1924, wadda ke yin allurar rigakafin haukan kare. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Tsoron da iyayenmu ke yi wa kare yana da dalili, ba kuma zai gushe ba sai rigakafi ya game gari, musamman a jihar da ke da babbar kasuwar karnuka irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke, inda ake tara su daga nesa. A Gindiri akwai makarantar makafi da aka buɗe a 1953, ta farko a Nijeriya. A Jami'ar Jos akwai sashen ilimin masu bukata ta musamman da tsangayar likitancin dabbobi. Tun daga Janairun 2019 kuma ƙasar tana da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci.

A ɗaya gefen, duk wanda ya bi ta Taminus ko ƙofar Babban Masallaci ranar Juma'a zai ga makaho riƙe da sanda, yaro ko yarinya na riƙe da ɗaya bakin. Wannan ɗan jagora yana wuni a titi a lokacin da tsaransa suke aji. Ba na cewa kare zai warware wannan matsala. Tushenta talauci ne da bara, kuma mai neman abin da zai ci ba zai iya ciyar da kare mai kilo 30 ba. Horon karen jagora yana da tsada, titunanmu ba su da gefen masu tafiya da ƙafa, babura suna bi ta ko'ina, farar sanda da koyon tafiya da ita sun fi araha, su ne kuma ya kamata a fara wadatarwa. Amma akwai makaho ɗalibi, da malamin makaranta, da lauya, da ma'aikacin ofis, waɗanda hanyarsu ta kullum sananniya ce, bukatarsu kuma ita ce su fita ba tare da jiran kowa ba. Ga irin waɗannan, gwaji ɗan ƙarami a harabar jami'a, inda likitocin dabbobi da malaman ilimi na musamman da malaman addini za su haɗa kai, abu ne mai yiwuwa.

Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa Labrador ya samo asali ne daga karen masuntan Newfoundland, sarakunan Ingila suka tace shi don farauta, zamani kuma ya mai da shi ma'aikacin tsaro da ceto da jagora. Ta kuma nuna cewa kowace al'umma da ta riƙe shi ta duba bukatarta ne ta ba shi aiki daidai da halittarsa. Mu ne kawai muka saye shi da tsada muka ɗaure a bayan gida. Amsar da zan ba dattijon lambu ita ce, ƙwarai kare ne, horo ne ya bambanta shi da wanda ya sani. Bahaushe ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Ya rage ga masu kiwo da masana na wannan gari su zauna su tantance wane zomo ne ke gabanmu, kafin a ci gaba da sayen kare.